Na'ura Mai Saurare A Wuyan Likita: Ko Za Ta Ji Hausar Durumi?

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a asibitin gwamnati yana jiran a kira sunansa, ya san cewa ba shi kaɗai likita yake dubawa ba. Akwai majiyyaci na biyu a kan tebur, watau takarda, kuma sau da yawa ita ce ke samun rabo mafi tsoka na idon likita da na lokacinsa. Ba wulaƙanci ba ne, ba kuma rashin tausayi ba. Doka da ƙa'idar aiki ne suka ɗora masa, gama abin da ba a rubuta ba, a wurin hukumar asibiti da kotu da likitan da zai karɓi aiki da dare, daidai yake da abin da ba a yi ba.

A 'yan shekarun nan masu ƙere-ƙere a Amurka da Turai sun fito da wata dabara wadda suka ce za ta raba likita da alƙalami. Wata 'yar na'ura ce wadda ba ta wuce kwalin ashana ba, a rataya ta a wuya ko a maƙala ta a gaban riga, ta saurari abin da likita da majiyyaci suka faɗa, sa'an nan da taimakon fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira ta fitar da bayani a rubuce, sauran sa hannu kurum. Labarinta ya iso Nijeriya, har wasu 'yan ƙasa sun shiga sana'ar. Abin da ya kamata a tambaya tun ba a fara sayenta da kuɗin jama'a ba shi ne ko za ta yi aiki a inda aka fi bukatarta, kuma da wuya a sami wurin gwaji da ya fi unguwar Durumi ta Abuja tsanani.

Unguwa Mai Fuska Biyu

Durumi tana maƙwabtaka da Area 1 ta Garki da kuma Gudu, tana cikin kashi na biyu na tsarin ginin birnin. Tun kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, akwai ƙauyukan Gbagyi a wurin. A yau mutum zai ga manyan gidaje masu dogayen katangu da makarantar da 'ya'yan jakadu da na attajirai ke zuwa, amma kafin ya yi nisa sai ya faɗa cikin bukkokin buhu da leda da tsohon kwano. Nan ne sansanin 'yan gudun hijira.

A watan Agusta na 1914 ba a san da shi ba, haka ma a 2004. Asalinsa shekarar 2014 ce, sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama garin Gwoza na Jihar Barno a watan Agusta, jama'a suka watsu, wasu ta kan duwatsu suka shiga Kamaru, wasu suka bi ta Mubi da Yola, har ƙafa ta kai wasunsu Abuja. Sojoji sun ƙwato Gwoza a watan Maris na 2015, amma shekara goma ta wuce da yawa daga cikin mutanen ba su koma ba, kuma yaran da aka haifa a Durumi ba su san wani gida ba sai nan.

Kiwon lafiya a irin wannan wuri ya dogara ne da 'yan sa kai da masu taimako. Yau ƙungiyar likitoci ta zo ta yi wuni guda tana duba mutane kyauta, wata mai zuwa wata majami'a ko wani masallaci ko wani kamfani ya kawo nasa ayarin. Ungozoma na karɓar haihuwa, idan abin ya gagara a nemi kuɗin mota da na kati a nufi asibitocin cikin gari. Wanda ya gudu da dare da rigar da ke jikinsa bai tsaya ɗaukar katin asibiti ba, kuma kowane ayari da irin takardarsa, idan ya tashi ya tafi da ita. Ta haka mace mai hawan jini za ta iya ganin likita biyar a shekara guda ba tare da ɗayansu ya san abin da na gabansa ya ba ta ba. A nan rashin rubutu ne ke cutarwa. A ƙananan asibitocin gwamnati da ke kewaye kuwa, yawansa ne ke cutarwa.

Littattafan Da Ba Su Ƙarewa

Mai karatu da bai taɓa leƙa bayan teburin malamin asibiti ba zai yi mamakin yawan littattafan rajista da ke jibge a wurin. Akwai na masu zuwa kullum, akwai na marasa lafiya da aka duba aka sallama, akwai na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi, na tazarar haihuwa, na awon nauyin yara, ban da waɗanda shirye-shiryen yaƙi da zazzaɓin sauro da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki suke kawowa. Mace guda da ta zo awo da goyo a bayanta tana iya shiga littafi uku ko huɗu, kowanne a sake rubuta sunanta da shekarunta da unguwarsu. Ƙarshen wata kuma a zauna a ƙirga layi-layi a cike takardar taƙaitawa, a kai wa jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira, ƙasashe masu yawa kuma suke amfani da ita. Da waɗannan alƙaluma ake lissafin allurar da za a aiko da maganin da za a saya, saboda haka ba aikin banza ba ne. Sai dai hannun da ke rubuta su shi ne hannun da ke yin allurar.

Hannayen kuwa ba su da yawa. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci masu lasisi a ƙasar nan wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Mafi yawan ƙananan asibitoci ba su da likita sam, jami'an lafiyar al'umma da nas-nas da unguwarzoma ne ke riƙe da su. To, duk abin da zai rage musu rubutu ko da na minti biyu a kan kowane majiyyaci, ba abin rainawa ba ne ga wanda ke duba mutum sittin a wuni.

Yadda Take Aiki, Da Wanda Aka Ƙera Ta Dominsa

Na'urar kanta ba ta da wani sirri, kunne ce kawai da batir. Tana ɗaukar murya ta miƙa wa wayar hannu, waya ta tura ta intanet zuwa manyan kwamfutoci waɗanda galibi suna ƙasashen waje. A can ake aiki uku. Da farko a mayar da murya rubutu. Na biyu a rarrabe wane ne ya faɗi wannan, wane ne ya faɗi wancan. Na uku, wata manhaja da ta ƙoshi da karatun miliyoyin takardu ta tace zancen, ta zubar da gaisuwa da hira, ta shirya sauran bisa tsarin da likitoci suka saba da shi tun da Dokta Lawrence Weed na Amurka ya yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1960: abin da majiyyaci ya faɗa, abin da aka gani a jikinsa, abin da ake zato, da abin da za a yi. Na'urar ba ta gani, ba ta taɓawa. Idan likita ya latsa ciki ya ji saifa ta kumbura, sai ya faɗa da baki, in ba haka ba babu shi a takarda.

Tunanin ya daɗe. Kamfanin Augmedix da aka kafa a 2012 ya riƙa sa wa likitoci tabarau na Google Glass, wasu ma'aikata a Bangaladash da Indiya suna kallo suna saurare daga nesa suna rubutawa, watau magatakardan mutum ne, yana dai wata nahiya. Da fasaha ta ci gaba sai inji ya maye gurbin mutumin. A 2022 kamfanin Microsoft ya kammala sayen Nuance, gwanin mayar da murya rubutu, a kan Dala biliyan 19.7, a shekarar kuma kamfanin Stryker ya sayi Vocera, mai ƙera 'yar na'urar magana da ma'aikatan jinya ke ratayawa, a kan wajen Dala biliyan 3. Yawancin likitocin can da waya suke amfani, a ajiye ta a kan tebur. Amfanin ta ratayawa shi ne ga wanda hannayensa ke cikin safa, yana tsaye yana ɗinki ko yana karɓar haihuwa ko yana zagayen gadaje.

Me ya sa aka zuba irin wannan dukiya? Wani bincike da Dokta Christine Sinsky da abokan aikinta suka buga a 2016 ya bi likitoci 57 a Amurka, aka tarar kashi 27 cikin ɗari na lokacin aikinsu suke yi ido da ido da marasa lafiya, kashi 49 kuwa a gaban kwamfuta da takardu, ga kuma awa ɗaya zuwa biyu da dare a gida. Amma fa rubutun likitan Amurka ya yi tsawo ne domin da shi ake karɓar kuɗi a hannun kamfanonin inshora, da shi kuma ake kare kai a gaban lauyoyi. Dogon labari yake rubutawa da Turanci, a cikin kwamfutar da ke jiransa. Malamin asibiti a gefen Abuja gidajen layi yake cikewa a littafin takarda. Ciwon kan biyu ne, maganin ɗaya ba lalle ya yi wa ɗaya ba.

Ko a can ma, ribar tana bukatar a duba ta da idon basira. Rukunin likitocin Kaiser Permanente na Kalifoniya ya ba da rahoto a 2025 cewa likitocinsa fiye da 7,000 sun yi amfani da irin wannan magatakarda a ganawa fiye da miliyan biyu da rabi, daga ƙarshen 2023 zuwa ƙarshen 2024, aka sami rarar awa 15,791. Adadin yana da daɗin ji. Amma wanda ya ɗauki alƙalami ya raba shi da yawan ganawar zai ga bai kai rabin minti ba a kan kowane majiyyaci. Abin da likitocin suka fi yabawa shi ne sauƙin kai, da damar kallon fuskar mutum yana magana.

Kunnen Da Bai San Kunya Ba

A nan ne gizo ke saƙa. A asibitin Amurka harshen da aka yi magana da shi shi ne harshen da za a rubuta. A Arewa kuwa majiyyaci yana magana da Hausa, ma'aikaci yana rubutu da Turanci, fassarar tana gudana a cikin kansa ba tare da kowa ya lura da cewa aiki ne ba. A Durumi abin ya ƙara ninki, domin Gwoza ƙasa ce mai harsuna da yawa, akwai Glavda da Mandara da Dghweɗe da Guduf da sauransu, Hausa harshen kasuwa ce a wurinsu. Tsohuwa za ta faɗi ciwonta da harshen uwarta, jikarta ta mayar da shi Hausa, ma'aikaci ya mayar da shi Turanci. Duk na'urar da za ta shiga tsakani sai ta zama magatakarda kuma tafinta a lokaci guda.

Injin nan kuwa abin da aka ciyar da shi da shi yake sani. Manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, wadda wasu masu wannan sana'a suka gina nasu a kanta, an horar da ita da sautin awa 680,000, kusan kashi biyu cikin uku Turanci ne, sauran harsuna kusan ɗari suka raba ragowar. Ko a cikin Turancin ma ba kowa ake ji daidai ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada injinan manyan kamfanoni biyar, a sakamakon da suka buga a 2020 suka ce sun tarar suna kuskuren kalma 35 cikin ɗari idan baƙar fatar Amurka ke magana, 19 kuwa idan farar fata ne. Idan haka ta faru da wanda aka haifa cikin Turanci, ina ga nas 'yar Gombe, balle tsohuwa daga dutsen Gwoza?

A ɗauka ma injin ya ji kowace kalma daidai, sauran aiki na nan. Hausar ciwo ba ta tafiya a miƙe. Idan uwa ta ce yaronta yana da shawara, ba nasiha take nufi ba, idonsa ne ya yi ruwan ɗorawa. Ciwon daji ba shi da alaƙa da jeji. Sanyi yana iya zama na hunturu, yana iya zama na ƙashi, yana kuma iya zama ciwon da mace ke jin nauyin kiran sunansa. Ciki shi ne tumbi, shi ne juna biyu. Tsakanin ɓari da bari lanƙwasar harafi guda ce, amma ɗaya jini ne da ke iya kai mace kabari, ɗaya kuwa cewa ne a dakata. Tsakanin "ba ya ciwo" da "baya na ciwo" 'yar gaɓa ce da hawa da saukar murya, a ɗakin da yara ke kuka, janareta na ruri.

Sa'an nan ga kunya. Mace ba za ta ce tana haila ba, za ta ce tana fashin salla. Ba za ta ce tana da ciki ba, za ta ce ta yi ɓatan wata, ko ma ta yi shiru ta dubi ƙasa, ma'aikaciya mai hankali ta gane. Wadda ta ce gabanta na faɗuwa tana iya nufin bugun zuciya, tana iya nufin tsoron da bai bar ta ba tun daren da aka shigo garinsu, kuma sai an dubi fuskarta za a san wanne ne. Idan aka tambayi yaushe ciwon ya soma, amsar ita ce tun kafin azumi, ko bayan babbar salla, ko da ruwan farko ya sauka. Idan aka tambayi maganin da aka sha, sai a ce kafso ja da ruwan ɗorawa, da jiƙo, da sassaƙe.

Manhajar da aikinta shi ne zubar da hira ta tsame abin da ya shafi ciwo, da me za ta auna? A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun lura da yawan ciwon gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙara da wasu dalilai. Ma'aikacin da ya tashi a Arewa, da ya ji mai jego mai kumburin ƙafa da haki ta ambaci kunun kanwa, kunnensa zai miƙe. Injin da ya yi karatunsa a takardun Boston zai ɗauka zancen karin kumallo ne ya share.

Mafi muni shi ne abin da injin ke yi da shiru. A 2024 wasu masu bincike ƙarƙashin Allison Koenecke ta Jami'ar Cornell sun nuna cewa a kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sautukan da suka ba Whisper, ta ƙaga jimlolin da babu wanda ya faɗe su, kuma kashi 38 cikin ɗari na ƙagen nan masu cutarwa ne. Ya fi faruwa ga masu dogon shiru a tsakiyar magana. A watan Oktoba na shekarar kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ba da labarin cewa likitoci fiye da 30,000 suna amfani da wani magatakarda na kamfanin Nabla da aka gina a kan wannan manhaja. Mutum idan bai ji ba yakan ce a maimaita. Injin ba ya jin nauyin cike gurbi, kuma da kyakkyawan Turanci yake cikewa, irin wanda ma'aikacin da ya gaji zai karanta sama-sama ya sa hannu. Wa ya fi yawan shiru a tsakiyar magana irin macen da ake tambaya abin da ya same ta a hanyar gudu?

Masu Gyaran Kunnen

Ba a zauna an naɗe hannu ba. Wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Tobi Olatunji, ya kafa kamfanin Intron Health a 2020, da farko domin mayar da fayil-fayil na asibiti cikin kwamfuta, sai ya tarar buga rubutu da yatsa ya fi alƙalami cin lokacin likitoci, ya juya ga murya. A 2023 shi da abokan aikinsa suka fitar da tarin sauti na awa 200 daga mutane fiye da 2,400 a ƙasashe 13, da karin harshe iri 120, domin inji ya koyi Turancin bakin 'yan Afirka da sunayen magunguna yadda suke furta su. A 2024 kamfanin ya ce asibitoci fiye da 30 na amfani da shi, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, inda ya ce jiran sakamakon hoton ƙashi da na ciki ya sauko daga awa 48 zuwa minti 20. Faɗar mai kaya ce, amma ba ta saɓa wa hankali ba, gama likitan hoto shi kaɗai yake magana, a ɗaki shiru, da Turanci, da kalmomin da ya saba. Wannan shifta ce. Sauraron hirar mutum uku da harshe uku a ƙarƙashin rumfa wani aiki ne dabam.

Ta fannin Hausa kanta, shirin NaijaVoices ya tara sautin wajen awa 600 a kowanne daga Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma a watan Satumba na 2025 Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, ya ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da gwamnati ta gina tare da kamfanin Awarri domin waɗannan harsuna uku da Turancin Nijeriya. Mafari ne mai kyau. Sai dai awa 600 a gefen awa dubu ɗari huɗu da 'yan kai na Turanci kamar cokali ne a gefen randa, kuma Hausar da mai lafiya ya karanta a gaban makirufo ba ita ce Hausar mai naƙuda ba. Abin da hankali zai karɓa a wannan mataki shi ne a soma da shifta: ma'aikaci ya gama da majiyyaci, ya yi fassararsa a kansa kamar yadda ya saba, ya faɗa wa na'ura a taƙaice, ita kuma ta zuba bayanin a gidajen littattafan rajistar nan duka a lokaci guda, ta yi ƙirgen ƙarshen wata. Wannan ba ya burge masu tallan kaya, amma nan ne awoyin suke ɓacewa.

Maganar wuta da kuɗi ba ta bukatar dogon sharhi. Asibitin Badun ɗin nan da aka ambata ya yi fiye da kwana 100 ba shi da wutar kamfani daga ƙarshen Oktoba na 2024 saboda bashi. 'Yar na'urar maƙalawa ta NotePin da kamfanin Plaud ya fitar a 2024, Dala 169 aka sayar da ita a lokacin, watau fiye da Naira 250,000 bisa canjin 2025, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne, kuma manhajojin asibiti da kuɗin wata-wata suke zuwa, da Dala.

Muryar Wa, A Hannun Wa?

Saura maganar amana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ya buɗe wa majiyyaci fayil, ta kuma haramta bayyana abin da ke ciki sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da ta lissafa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin masu bukatar tsaro na musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da shi ƙasar waje. A takarda, katangar ta yi tsawo. Amma izini yana da ma'ana ne ga wanda ke da ikon ƙi. Macen da ta yi layi tun hantsi domin maganin kyauta, idan baƙon likita ya nuna abin da ke wuyansa ya ce zai ɗauki magana, da wane baki za ta ce a'a?

Kuma murya ba takarda ba ce. Takarda tana ɗauke da abin da likita ya zaɓa ya rubuta, murya kuwa tana ɗauke da kome: sunan ƙauye, sunan miji, wanda aka kashe, wanda aka tafi da shi, wanda ya bi su da kansa, ɗan da aka haifa a hannunsu. Likita mai dattako yakan ji irin wannan ya haɗiye, ya rubuta layi guda. Mutanen da suka bar gida saboda an san su an san inda suke, suna da dalilin tsoron abin da ke ajiye zance. Idan kuwa tsoron ya sa suka daina faɗin abin da ke ransu, an sami takarda mai tsabta an rasa labarin ciwon.

Masu ƙera kayan sun san wannan, shi ya sa wasunsu, kamar Nabla a lokacin rahoton da aka ambata, suke share sautin da zarar an gama rubutawa. To amma idan an share, da me za a gwada a gane injin ya yi ƙage? Idan an ajiye, wa ke riƙe da mabuɗin, a wace ƙasa, har tsawon wane lokaci? Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa da Majalisar Likitoci da ta Ma'aikatan Jinya su ne ya kamata su yanke wannan a rubuce, tun ayarin masu taimako ba su fara shigowa sansanoni da kayan gwaji a wuya ba. Abu guda dai bai canja ba a ko'ina: wanda ya sa hannu shi ke da alhaki, kamfani ba ya zuwa gaban kwamitin ladabtarwa.

Ko an warware duk wannan, bayanin da na'urar ta rubuta ina za shi? A babban asibiti akwai kwamfuta da lambar fayil da ke jiransa. A Durumi, idan ya zauna a wayar likitan sa kai, ranar da ya tafi ya tafi da shi, kamar yadda takardarsa take tafiya a dā. Nijeriya ta taɓa ba duniya amsar irin wannan tambaya. Dokta David Morley, wanda ya zo asibitin Wesley Guild na Ilesha a 1956 ya kuma yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile, shi ya fito da katin awon nauyin yara wanda ake ba uwa ta tafi da shi gida a cikin leda, maimakon a ajiye shi a kabad ɗin asibiti. Duk inda ta kai yaron, tarihinsa na hannunta. Katin rigakafin da iyaye mata ke ɓoyewa a ƙasan akwati a yau jikan wannan kati ne, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwaya.

Na'urar da za ta amfani mai hawan jini ta Durumi ita ce wadda, bayan ma'aikaci ya duba ya gyara, za ta karanta mata abin da aka rubuta da Hausa ta ji ko daidai ne, sa'an nan ta ba ta shi a hannu: awon jininta na ranar, sunan maganin, yawan da za ta sha, da ranar dawowa. Ƙaramin injin buga rasit irin na masu POS da ke kowace kwana a Abuja zai iya fitar da wannan da batir kaɗai. Sai dai a nema masa wata takardar, domin tasa ba ta jure zafi, cikin 'yan watanni a ɗakin kwano rubutun yakan koɗe ya bar farar takarda.